Jinjina ga Bala Miller da Yaransa, da Aikin da Suka Bar Mana

Yabon gwani ya zama dole, ko da gwanin ya daɗe da barin duniya, ko da kuma yaran yanzu ba su taɓa jin sunansa ba. Marigayi Bala Miller, wanda aka haifa a Pankshin a 1928 ya rasu a 2003, ya cancanci jinjina daga duk mai kishin harshen Hausa, balle mu mutanen ƙasar Zazzau, tunda gidansu na Zariya ne. Shi ne ya tara makaɗa sama da 20 a Kaduna, masu ƙahonni da gita da gangunan Turawa, ya ce abin da za a ɗora a kan wannan kiɗa Hausa ce. Ya yi haka ne a zamanin da mai irin kiɗan nan bai san wata kasuwa ba sai Legas, kuma ba ya ganin ya isa sai ya rera da Turanci ko wani harshen kudu. Jinjinar kuma ba tasa ba ce shi kaɗai. Ta haɗa har da samarin da suka amsa kiransa, suka durƙusa suka koyi busa da kiɗa a hannunsa, suka zama ƙungiyar nan ta Great Music Pyrameeds of Afrika, wadda ta fitar da faifanta mai suna Pyramids a 1979. Ba kowa ya riƙe sunayensu ba, amma numfashinsu ne a cikin ƙahonnin, yatsunsu ne a kan tsarkiyar.

Ba za a gane nauyin abin da mutumin nan ya yi ba sai an san abin da ya juya wa baya. Mahaifinsa limamin coci ne daga cikin mutanen mishan na Zariya, al'ummar da ta ba Arewa likitanta na farko, Dakta R.A.B. Dikko, ta kuma ba Jami'ar Ahmadu Bello shugabanta na farko ɗan ƙasa, Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau da ke maƙwabtaka da Ikara. Aikin coci ya kai iyalin Lakwaja, kuma a can ne yaro Bala ya fara riƙe kayan badujala a makaranta. Daga nan ya wuce makarantar CMS Grammar da ke Legas, ya faɗa tsakiyar kiɗan hailaif lokacin da yake tashe. Kiɗa ne da ya tsallako daga Gana, su E.T. Mensah suka share masa hanya, su Bobby Benson da Victor Olaiya suka mai da shi ɗan gida. Miller ya yi kiɗa tare da Samuel Akpabot, ya kuma yi hulɗa ta kusa da Olaiya da ƙungiyarsa ta Cool Cats. Ke nan ba sabon shiga ba ne. Yana da suna, yana da abokai, ya san ƙofar manyan kamfanonin faifai, su Decca da EMI da Philips, waɗanda duk a Legas suka yi sansani. Da ya ga dama, da ya ƙare rayuwarsa yana busa wa 'yan kwat da masu gwaggwaro a gidajen rawar Ikko, kuma babu mai cewa ya gaza.

Aikin kamfani ne ya dawo da shi Arewa. A nan ɗin ma akwai hanya mai sauƙi a buɗe, domin kowane babban gari yana da Sabon Gari, kowane Sabon Gari kuma yana da otal da mutanen da ke kewar hailaif irin na garinsu. Sai ya ɗaga kai ya dubi jama'ar da ke kewaye da shi, Bahaushe da Bafillace da Banufe da Babarbare da mutanen Filato da na kudancin Kaduna, waɗanda Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da bariki da tashar jirgin ƙasa. Ya ga ƙalilan ne ke yi musu kiɗan zamani da harshen da suke ciniki da shi, suke faɗa da shi, suke shiryawa da shi. Wannan giɓi ya nufa.

Sauya salo ba sabon abu ba ne a wancan zamani, iska ce da ta kaɗa ko'ina. A Ingila, ƙungiyar Beatles ta fitar da faifanta na farko, Please Please Me, a 1963, mafi yawansa a yini ɗaya aka ɗauke shi, gajerun waƙoƙin soyayya ne masu saurin kama kunne. A 1965 George Harrison ya shigo da sitar, molon Indiyawa, cikin kiɗansu. Zuwa 1967 da suka fitar da Sgt. Pepper, wanda ya san su da faifan farko sai ya rantse waɗansu ne daban. A gida kuma Fela ya tafi Amurka a 1969 yana mai hailaif, ya dawo da Afrobit. Ginger Baker, makaɗin gangar ƙungiyar Cream, ya tattaro ya zo Legas, suka yi faifai da Fela a 1971, sannan Paul McCartney ya biyo sahu a 1973 ya ɗauki Band on the Run a can. Duk makaɗin da ya sauya salo kasada ya yi da masoyan da ke hannunsa saboda waɗanda bai riga ya samu ba. Sai dai 'yan Landan sun yi tasu kasadar ne da kamfani a bayansu, da situdiyo a unguwarsu, da 'yan jarida masu jiran su yi tari a buga. Miller ya yi tasa a garin da sai ya fara koyar da makaɗan tukuna kafin a zo maganar faifai.

Ga kuma wata wahala da ba kowa ke lura da ita ba. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, mai ja da taƙaitawa, kuma kayan kiɗanmu an yi su ne don su bi bakin mai magana. Ka tsaya kusa da mai kalangu ka duba. Ya saƙale shi a hamata, makaɗi a hannun dama, yatsun hagu a kan tsarkiya. Idan ya matse sai amon ya haura, idan ya saki sai ya gangaro, a tsakanin nan kuma yana iya lanƙwasa sauti ɗaya ya ja shi yadda harshe ke jan wasali. Shi ya sa mahauci yana daga can ƙarshen kasuwa zai ji takensa ya ajiye wuƙa, ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Ƙahon Bature da fiyano ba haka suke ba, matakala gare su, daga wannan sai wancan. Wanda zai ɗora Hausa a kansu dole ya tsara karin waƙar yadda kalma ba za ta karye ba, in ba haka ba kunnen Bahaushe ya tofar da ita nan take, ko da bai iya faɗin abin da ya dame shi ba. Duk mun sha jin waƙoƙin da aka aro karinsu daga wani wuri aka cusa musu Hausa da ƙarfin tsiya, mun san yadda suke. A waƙar Ikon Allah, wadda ita ce aka fi sanin ƙungiyar da ita, ƙahonnin suna ruri, gita na tafe, ganga na riƙe da ƙugu, amma maganar tana fita a matsayin magana. A ganina wannan kaɗai ya isa a sara wa mutumin. Ga shi kuma ya zaɓi jigon da Musulmi da Kirista ba su da jayayya a kansa. Ɗan limamin coci ya tsaya a tsakiyar Kaduna ya ba kowa waƙar da zai iya amsawa ba tare da ya waiwaya ya ga wa ke kallonsa ba. Wanda ya san rikice-rikicen addinin da garin ya gani daga baya ya san darajar wannan.

Amma in aka ce in zaɓi abu ɗaya daga cikin ayyukansa, ba faifan zan ɗauka ba, koyarwar zan ɗauka.

A al'adarmu kiɗa gado ne. Ɗan makaɗi yana tashi a rataya masa kuntukuru ko kazagi, ya bi uba gidan biki, ya shiga sahun 'yan amshi, a hankali har a miƙa masa babbar ganga. Wanda ya shigo daga waje haye ne, kuma sai ya sha tsangwama daga gidansu kafin ya sha daga waje. Shata kansa bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ba. Miller ya buɗe wata ƙofa daban. Gwamnan Kano Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya nemi taimakonsa wajen kafa wurin koyar da yara kiɗa, ya kuma bayar. Da ya tashi kafa tasa ƙungiyar a shekarun 1970, shekarun da ƙasar ke cike da zumuɗin bikin FESTAC na 1977 wanda aka yi hawan dabarsa a Kaduna, sai ya yi shela cewa mai so ya zo. Bai tambayi ɗan wane ne kai ba.

Wanda bai taɓa zama kusa da mai koyon ƙaho ba zai ɗauka abin wasa ne. Makonnin farko babu abin da ke fita sai gurnani. Leɓe ya kumbura, wani lokaci ya tsage, kumatu su yi tsami, kai ya riƙa juyawa saboda matsar numfashi. Maƙwabta su yi ta ƙorafi. Sai an ɗauki watanni kafin yaro ya fitar da sauti ɗaya tsaftatacce ya riƙe shi ba rawa. Daga nan ne ma aikin ke farawa, domin dole mutum 20 su shiga tare, su ja tare, su tsaya cak a bugu ɗaya, wanda ya makara da ƙiftawar ido ya ɓata wa kowa. Bayan haka ga albashi, ga motar ɗaukar kaya, ga tsarkiyar da ta tsinke, ga mai rashin lafiya, ga wanda wata ƙungiya ta yi wa tayin da ya fi naka. Riƙe irin wannan ayari shekara da shekaru aikin uba ne, ba na makaɗi kawai ba. Manomin rake a Kudan ba ya sayar wa 'yan mota gonarsa kaf, sai ya ware iri, ko da farashi ya kai inda ya kai. Miller ya ware iri. Yaran da suka fito daga hannunsa sun samu sana'ar da za su ci abinci da ita ko'ina. A shekarun 1980 kuma gidan talabijin na NTA ya riƙa nuna shirinsa na Bala Miller Show, 'yan Najeriya daga Sakkwato har Kalaba suka ga cewa Arewa ma tana da babbar ƙungiyar makaɗa mai tsari da horo.

Akwai waɗanda su ma suka cancanci a ambace su da alheri. Kamfanin Strut na Landan ya fitar da wani kundi mai suna Nigeria 70 a 2001, ya sa Ikon Allah a ciki, gefe da gefe da waƙoƙin Fela da Tony Allen da Victor Uwaifo, da Bongos Ikwue wanda ya yi karatu a jami'ar Zariya, da ƙungiyar Sahara All Stars ta Jos. Ta wannan hanya waƙar ta shiga kunnen mutanen da ba su san inda Kaduna take a taswira ba. Daga baya wani kamfani a Turai ya sake buga faifan na 1979 gaba ɗayansa. A fagen nazari kuma, David Ames da Anthony King sun zauna da makaɗan Zariya da Katsina, suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin makaɗa gida gida yana rubuta tarihinsu da waƙoƙinsu. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin yadda kiɗan zamani ya shigo ƙasar Hausa, bai kuma manta da su Bala Miller ba. Allah ya saka musu.

To, amma jinjina ba ta cika sai an faɗi inda aikin ya tsaya.

Kiɗan Miller ya tsaya a birni. Gidansa kulob ne, irin Costain na Kaduna, da manyan otal, da akwatin talabijin mai buƙatar lantarki. Mutumin Paki ko Gubuci ko Likoro, wanda ke rataye rediyo a reshen ɗorawa yana huɗa, Shata ya sani, da Ɗanƙwairo, da Ɗanmaraya Jos mai kuntigi, da Hassan Wayam mai kukuma da ya zauna a Zariya. Matarsa a cikin gida Barmani Choge ta sani. In ma ya ji ƙahonnin Miller sun gifta a Rediyon Kaduna, kallon kiɗan 'yan boko yake yi musu. Kuma gaskiya ɗaya ce, wurin da ake wannan kiɗa wuri ne na dare, ana sha a cikinsa, babu uban da ke Hunƙuyi da zai kama hannun ɗansa ya kai shi can ya ce a koya masa sana'a. Wannan ba laifin Miller ba ne shi kaɗai, haka zamanin ya gada daga Turawa, amma sakamakon a kanmu ya ƙare. Kiɗa biyu suka zauna a ƙasa ɗaya, kowanne da gwanayensa, suna gaisawa daga nesa. Auren da ya kamata a ɗaura tsakaninsu, inda mai algaitar fadar Zazzau zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da mai ƙahon Bature, mai kalangu ya ja ragama gita ta bi, bai kai ga zama gida mai 'ya'ya da jikoki ba.

Kuma ba wai abin ba ya yiwuwa ba ne. Ɗan yankin nan namu, marigayi Shu'aibu Maƙarfi, ya ɗauki wasan kwaikwayo irin na rubuce, wanda shi ma baƙo ne, ya zuba masa Hausar zaure da ta tsakar gida. Tun wajajen 1960 ya ba mu Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, ta rediyo da ta littafi, har yau ana karanta su a makarantu, babu mai ce musu kayan aro. Abin da ya bambanta shi ne nasa aikin ya samu hanyar shiga aji da ɗakin tsohuwa.

Ana cikin haka fiyano ya iso. Daga Turmin Danya na 1990 harkar finafinan Hausa ta kankama a Kano, kafin shekara 10 kuma, zamanin su Sangaya, na'urar Yamaha ta zama ita ce ganga, ita ce sarewa, ita ce goge. Ba zan zagi fiyano ba. Ya ba dubban matasa abin yi, ya fitar da muryoyi masu daɗi, ya kai waƙar Hausa Sudan da Gana da Saudiyya, ya yi abin da ƙahonnin Miller ba su yi ba, wato ya shiga kowane ƙauye. Sai dai farashinsa ya yi tsada. Mutum ɗaya da na'ura ɗaya suka maye gurbin mutum 20. Ka zo yankinmu bayan kaka, lokacin da aka sare rake, aka kai masara da tumatir kasuwa, kuɗi suka shigo hannu, bukukuwa suka kankama. A ƙofar gidan biki za ka tarar an ɗora manyan lasifikoki a kan benci, janareta na ruri a bayan katanga, yaro ɗaya na zaune da kwamfuta ko waya yana latsa waƙa bayan waƙa. Idan mai ya ƙare, biki ya tsaya. A zauren da ke kallon wurin kuwa, sau da yawa akwai kalangu rataye a ƙusa, fatar ta bushe ta tsage, tsarkiyar ta saki. Mai shi ya tsufa, 'ya'yansa suna acaba a Zariya. Gangar noma da ke zaburar da samari a gayya, yau sai ka yi tafiya kafin ka ji ta. Mun rasa ƙungiya irin ta Miller, ga shi kuma muna kan rasa waɗanda ya kamata ta haɗu da su.

Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu riƙon wannan amana. Marigayi Sa'adu Bori na Maraɗi ya ɗauko kiɗan da ya tashi a cikinsa ya ɗora a kan gita da gangunan zamani, shi da Moussa Poussy suka fitar da Niamey Twice a 1994 ta hannun kamfanin Stern's na Landan, kaset-kaset ɗinsa suka cika Katsina da Kano kafin haɗarin mota ya ɗauke shi a 2008. Ƙungiyar Tal National, wadda wani alƙali, Hamadal Issoufou Moumine da aka fi sani da Almeida, ya kafa a Yamai a 2000, tana waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Buzanci. Ta fara ne da sayar da faya-fayanta a bakin titi, har ta kai kamfanin FatCat na Ingila ya buga mata Kaani a 2013. Ba sa'a ba ce kawai. Suna da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, suna da gasar Ɗan Gurmu da ke zaburar da makaɗa. Ƙasar da ba ta kai mu jama'a ko dukiya ba, ga shi ta yi wa abin gida.

Mu kuwa, faifan da aka yi da Hausa, ɗan Zariya ya shirya, yaran Kaduna suka busa, sai da Bature ya tono ya sake bugawa kafin jikokinmu su same shi a intanet. Mun gode musu, amma abin da ciwo. A Ingila hatta gwajin da Beatles suka yi suka ɓata an adana shi, aka fitar da shi kasuwa a 1995 da 1996, ɗalibai na bi suna gane yadda salo ya juya daga wannan shekara zuwa waccan. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna, wanda tushensa ke komawa 1962, da NTA Kaduna, su ne rumbunan muryoyin Arewa. Duk wani faifai ko kaset na Miller da na tsararsa da ke hannunsu, a fito da shi a juye a kwamfuta tun zaren bai manne ba, a ajiye kwafi a Gidan Arewa da ke Kaduna da kuma Jami'ar Ahmadu Bello, inda ɗalibi zai je ya saurara ba sai ya san wani ba. Yaran Miller da suka rage yanzu dattawa ne. A neme su, a zauna da su, a tambaye su yadda yake koyarwa, yadda yake tsara ƙahonni a bayan murya, wa ya busa me a wace waƙa. Wannan aikin digiri ne sukutum ga ɗalibin sashen harsuna ko na wasan kwaikwayo, kuma kowace shekara da ta wuce shaidu raguwa suke yi.

Ga mawaƙanmu na yau kuma, akwai yabo akwai roƙo. Aminu Ala da Naziru Sarkin Waƙa sun nuna cewa kunnen matasa bai ƙi amon kalangu da kotso da algaita ba, sun dawo da shi cikin waƙar zamani, jama'a kuma suka karɓa hannu bibbiyu. Wannan sauyin salo ne na gaske, ya cancanci a yaba. Abin da ya rage shi ne amon ya riƙa fitowa daga hannun mutum mai rai, a biya shi haƙƙinsa, a ambaci sunansa kamar yadda ake ambaton na situdiyo. Waɗanda Allah ya buɗa wa a harkar nan, irin su Dauda Kahutu Rarara da garinsu ke nan ƙasar Ɗanja, tsallaken Kudan kaɗan, suna da ƙarfin da za su riƙe ayarin makaɗa 20 da albashi, su ɗauki yara 'yan koyo a bayansu. Miller ya yi haka da abin da bai kai nasu ba.

Na san iyaye suna da fargaba, kuma fargabar tana da tushe. Babu mai son ɗansa ya faɗa shaye-shaye ko waƙar batsa, malamai kuma suna da maganganunsu a kan kiɗa waɗanda muke girmamawa. Amma kakaki da algaita da tambari a ƙofar sarki suke, da su ake hawan salla. Badujala ita ke gaban faretin 'yan sanda da sojoji, da ita 'yan firamare ke shiga aji da safe a da. Yaron da ya iya ƙaho ko ganga a makaranta, da rana tsaka, a gaban malaminsa, ya koyi haƙuri da sauraron na kusa da shi, ya kuma samu abin da zai iya kai shi aikin ɗamara. Ba dole sai a kulob ake koyon kiɗa ba, kuma raba shi da kulob ɗin shi ne gyaran da ya rage a kan aikin Miller.

Don haka kiran nawa na ƙarshe gida zai tsaya. Ranku ya daɗe shugabannin ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, da iyayenmu hakimai da ke ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli, wannan ba aikin biliyoyi ba ne. Ku sa a zaga gunduma gunduma, daga Saulawa zuwa Gimi zuwa Doka, a rubuta sunan duk wani mai kalangu da mai goge da mai gangar noma da uwar amada da suka rage. A tara su sau ɗaya a shekara bayan an kawar da amfanin gona, a ɗauki kiɗansu da hirarsu a ajiye. A saya wa makaranta ko da guda ɗaya a kowace ƙaramar hukuma kayan badujala, a ɗauko malamin da zai koyar, a kuma zaunar da sarkin makaɗan garin kusa da shi da ɗan alawus, yaran su koyi duka biyun a wuri ɗaya. A sa wannan a kasafin kuɗin shekara mai zuwa, tun dattawan da za su koyar suna da ƙarfin ɗaga makaɗi.